SUNAN DA KE CIKIN TUTA

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa ba ni da imani, wai na bar Verlyn tana kuka na tafi harkata, na ji, na gode. Ku ba a ɗauke muku wuta ne? Mu nan Windward tun bayan guguwa sai yadda ta yiwu. Ke kuma da kika ce in kashe Kellon don labari ya yi armashi, Allah ya shirye ki. Kowa ya gyara zama.

*

Rana ko gama fitowa ba ta yi ba Verlyn ta gangaro bakin teku, idanunta sun kumbura sun yi jawur.

Jirgin yana nan tsaye a kan matokaransa, fari fat da jan layi a ƙugu, hancinsa na kallon ruwa. Shi ne na farko da aka sassaƙa a ƙauyen Windward tun da guguwa ta kwashe rufin gidajen tsibirin Kariyaku ta farfasa jiragen mutane. Yau ce ranar saukar da shi, ranar da duk tsibirin ya daɗe yana jira. Ita kuma ta ɓata ta da bakinta.

Ko yaron goye a nan ya sani, sunan sabon jirgi ba ya fita sai ranar saukarwa, lokacin da za a warware tuta kowa ya karanta da idonsa. Tsofaffi na cewa jirgin da sunansa ya riga shi zuwa ruwa, teku ta riga ta san wanda za ta kira. To ita Verlyn, mai yi wa baƙi jagora, wadda ita ke koya wa Turawa wannan al'adar da bakinta, ita ce ta kawo baƙi rumfar mahaifinta ta hango allo ƙarƙashin buhu an rubuta ODILE. Sunan mahaifiyarta marigayiya. Hawaye suka zubo mata. Wani Bature mai jan wuya ya tambaye ta lafiya, ta faɗa masa. Shi kuwa ya ɗauki hoto ya watsa. Kafin yamma sunan yana cikin kowace waya a tsibirin.

Kuma yayanta Kellon ne zai tuƙa jirgin.

Mahaifinta Baba Dunstan na zaune a inuwar jirgin yana wasa gatari. Ƙanwarsa Gwaggo Ermine, tela, ta kifa bokiti ta zauna a kai, tutar na naɗe a cinyarta an ɗaure ta tamau da igiya.

"Baba."

Bai juyo ba. Sai ƙarar dutse a bakin gatari.

"Baba ina kwana."

"Lafiya."

Kalmar farko ke nan da ya ba ta tun ranar da abin ya faru.

"Baba roƙonka na zo yi. Ka ɗage saukarwar nan."

"In ɗage ta zuwa yaushe?"

"Ko yaushe ne. A canza suna, Gwaggo ta ɗinka wata tutar. Ni zan tsaya gaban mutane in ce laifina ne."

"Da wa ya ce miki na wani ne?" in ji Gwaggo Ermine.

"Gwaggo don Allah."

"Ah to. Na ji kamar kina neman wanda za ku raba."

Baba ya gwada kaifin gatarin da babban yatsa, bai ɗago ba.

"Jirgi ba a yi masa suna biyu. Fada limamin coci na hanya, bunsuru ya kwana a ɗaure, mata sun kwana kan tukwane. Yau kuma teku ke cika yadda nake so."

"To Yaya Kellon fa?" in ji Verlyn. "Matarsa Shermaine ta rantse in ya taka jirgin nan za ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu. Jiya gaban shago ta tare ni, ta ce da bakina na haƙa masa kabari. Baba har Baffa Lennard ta ambata."

Dutsen ya tsaya cak.

Ba a ambatar Lennard gaban Baba. Ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne wanda giya ta ɗebe shi ya furta sunan jirginsa a mashaya tun ana kan sassaƙa. An saukar da jirgin lafiya, ya yi lodi ya nufi Tirinidad. Har yau ko katako ɗaya teku ba ta dawo da shi ba.

Verlyn ta zube guiwa biyu a rairayi.

"In wani abu ya sami Yaya, ni ma na mutu. Na ajiye aikin jagorar Baba. Na ce wa baƙina kada wanda ya zo nan yau. Jirgin rana zan bi in tafi tsibirin Girenada, kowa ya huta da ganina. Amma kafin in tafi ka ce min ba za ka saukar da shi ba."

Tsofaffin biyu suka kalli juna.

"Dunstan, ya isa haka," in ji Gwaggo. "Dubi yarinyar nan, ta bushe kamar kifin da aka shanya. Ka faɗa mata ko ni in faɗa."

"Ke ma ai bakin naki..."

"Bakin nawa ne ya riƙe maka wannan tun kafin Ista." Ta bugi tutar da tafin hannu. "Ka iya bakinka da ni."

Baba ya ajiye gatarin. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ba kowa sai bunsuru da ke cin igiyarsa.

"Matso nan."

Ta matso da rarrafe.

"Allon da kika gani, a ina yake?"

"A rumfa. Ƙarƙashin buhu."

"Buhun ya rufe shi duka?"

"A'a. Gefe ɗaya ya leƙo."

"Tun tasowarki, kin taɓa ganin na bar wani abu nawa ya leƙo?"

"A'a."

"Kin taɓa ganin na rubuta suna a allo alhali jirgi bai jiƙe ba?"

Verlyn ta girgiza kai.

"Tun da kika fara kawo min mutanen nan masu waya a hannu ban huta ba," in ji Baba ƙasa-ƙasa. "Wannan ya leƙa ƙarƙashin jirgi, wancan ya buɗe min akwatin kayan aiki. Akwai wanda hulata ya nema wai ya sa a ɗauke shi hoto. Sai na ce to, tunda ba sa tafiya sai sun gano wani abu, bari in ajiye musu abin ganowa."

"Baba..."

"Na'am."

"Ba shi ne sunan ba?"

"Ba shi ba ne."

"Ka rantse?"

"Ubanki kike cewa ya rantse?"

Jama'a, kun san yadda mutum ke ji in an sauke masa buhun gishiri daga ka? Verlyn ta zauna daɓas a rairayi. Kuka ya zo, dariya ta zo, suka haɗu a maƙogwaro suka rasa mai fita. Ta kama ƙafar mahaifinta da hannu biyu tana ta maimaita, "Na gode Ubangiji, na gode Ubangiji," har majina.

"Ka ga irinta ko," in ji Gwaggo. "Da ta haukace maka ka huta."

Sai da ta sami numfashi ta ɗago.

"To Baba me ya sa ka bar ni? Ko abinci ba na iya haɗiya. Mutane na tsallaka titi in sun hango ni."

"In na fito na ce ba shi ba ne, washegari duk tsibirin nan sun shiga laluben na gaskiya. Gwaggonki kuwa in aka dafa mata shayi aka yanko mata kek..."

"Dunstan ka kiyaye ni."

"Ƙaryar ce ta tsare gaskiyar. Tun da suka samu wannan ba wanda ya sake leƙa min rumfa." Ya ja numfashi. "Amma ban taɓa zaton ke ce za ki faɗa ciki ba. Ɓera na ɗana wa tarko, ya kama kazar gida. Da na ji ke ce raina ya ɓaci, kuma ɓacin ran na gaske ne. Sunan na ƙarya ne Verlyn, amma bakin da ya faɗe shi naki ne."

Ta sunkuyar da kai. "Ka yafe min Baba."

"Ya wuce."

"Yaya Kellon ya sani?"

"Bai sani ba. Jiya ya same ni ya ce ko sunan ya fita ko bai fita ba, jirgin da ubansa ya sassaƙa shi zai hau." Baba ya kau da kai yana gyara hula. "Wannan ma na ji daɗin jinta."

"Tsoho kuka za ka yi?" in ji Gwaggo.

"Rairayi ne ya shiga idona. Ke Verlyn tashi ki wanke fuska, ki je ki kwaso baƙin nan naki."

"Baba su ne fa suka..."

"Igiyar jan jirgi ba ta tambayar fasfo. Rabin mutanenmu yau tsoron taɓa ta suke. Har mai jan wuyan ki kawo min, gaba zan sa shi ya ja har wuyan ya ƙara ja."

Verlyn ta miƙe tana share ido tana dariya. Har ta juya, ya sake magana, idonsa na kan gatari.

"Matar nan ta Ingila. Tana nan?"

"Madam Joycelyn? Tana nan."

"Kawo ta."

Gwaggo Ermine ta juya tana kallon teku kamar yau ta fara ganinta.

Verlyn ba ta kawo komai a ranta ba, murna ta hana. Ita dai ta san Madam Joycelyn baƙuwa ce ta daban. Dattijuwa, baƙa, mai furfura kaɗan a goshi. Ta kai ta tsohuwar hasumiyar Belair, ta kai ta farin rairayin tsibirin Sandy inda Turawa ke zaucewa, ta kai ta gidan tarihi na Hillsborough. Ko hoto ɗaya matar ba ta ɗauka ba. Kullum maganarta ɗaya, a mayar da ita Windward. In an kawo ta sai ta zauna kan gungume ta zuba wa hannun Baba ido har yamma.

*

Wanda ya ce mutane ba za su zo ba bai san mu ba. Gulma ta fi ganga kira. Kafin hantsi ya dubi ludayi bakin teku ya cika maƙil, sai dai kowa ya tsaya nesa ya harɗe hannu. Mata sun zo da kek a ka kamar yadda aka saba, amma ba mai rawa. Masu goge da gita suna ta kaɗawa su kaɗai kamar a gidan makoki.

Verlyn ta shigo da baƙinta a baya, ido ya yi mata caa.

"Ga mai shela nan ta iso."

"Har da kawo mana wasu. Ba kunya ba tsoron Allah."

Ta ji, ta haɗiye. Yau ko zaginta da uwa aka yi murmushi za ta yi.

Fada ya hau tsani ya yayyafa ruwan tsarki daga hanci har gindin jirgi, ya yi addu'a ya sauko. Sai ya juya baya yana gyara igiyar takalminsa da ba ta kwance ba, don kada ya ga abin da zai biyo. Aka kwantar da bunsuru aka yanka, jini ya bi katako. Baba ya tsiyaya giyar rake a ƙasa, ya bi da ruwa, ya kira sunayen magabata ɗaya bayan ɗaya. Bai tsallake Lennard ba.

Masu gatura na tsaye jikin matokarai, ba wanda ya ɗaga nasa.

"Dunstan!" Tsoho Fitzroy ne, shugaban masu gatura. "Tutar me kuma za a warware? Ai har 'yata da ke Amurka ta san sunan. Mu fa muna da 'ya'ya."

"Ka gama?" in ji Baba.

"Gaskiya ce na faɗa."

"Kellon, karɓi tuta."

Shermaine ta cafke rigar mijinta ta baya. "Wallahi ba za ka hau ba. Kellon dubi 'ya'yanka. Kellon!"

Ya zame rigar ya bar mata ita a hannu. Ya karɓi tutar daga hannun Gwaggo, ya haye tsani, ya ɗaura ta a sanda. Masu kiɗa suka yi shiru don kansu. Verlyn ta san gaskiya, amma duk da haka zuciyarta dakan sakwara take. Wa ya sani, ko tsoho lallashinta kawai ya yi?

Kellon ya fizge igiya.

Iska ta kama tutar ta shimfiɗa ta, ja ce da fararen haruffa.

ISMAY.

Wurin ya yi tsit, har ana jin ruwa na lasar gaɓa.

"Ba shi ba ne!" wata ta ƙwalla daga baya. "Jama'a ba Odile ba ne!"

Kai, zo ka ga ihu. Tsoho Fitzroy ya jefar da hularsa sama yana cewa, "Dunstan kai shaiɗan ne! Tsohon banza, ka sa na kwana ban runtsa ba!" Masu goge suka ɗauka da ƙarfi, matan kek suka shiga fili suna juyi da faranti a ka. Shermaine ta keto taro da gudu, har yanzu rigar mijinta na hannunta, ta faɗa jikin Verlyn.

"Ki yafe min 'yar'uwa. Bakina ne, tsoro ne ya sa ni."

"Ni ma ai bakin ne," in ji Verlyn. Suka rungume juna suna kuka suna dariya.

Gatura suka hau aiki. Kaf, kaf, kaf, ana rage matokaran gefe ɗaya kaɗan-kaɗan, jirgin na kwantawa a hankali har ya sauka da haƙarƙarinsa kan gumagumai. Aka miƙa igiya. Wanda ɗazu yake harɗe da hannu yanzu shi ke ture na kusa don ya sami wurin kamawa. Mata, maza, Fada da ya naɗe hannun riga, baƙi da hulunansu na kaba. Baba bai manta alkawarinsa ba, ya jawo mai jan wuya ya kafa shi can gaba.

"Ja, ɗan Bature! Ba waya ba ce wannan!"

Mai ba da waƙa ya ɗaga murya, aka amsa, aka ja. Jirgi ya yi ƙara ya motsa. Aka sake ja. Mai jan wuya ya zame ya zauna daram cikin ruwa, aka yi masa shewa, shi ma yana ta washe baki. Aka ja na ƙarshe, jirgin ya sulale, ruwa ya karɓe shi. Ya karkata har mata suka dafe ƙirji, sai ya miƙe tsaf ya zauna bisa teku. Kellon na tsaye a kai ba riga, yana ɗaga wa 'ya'yansa hannu.

Verlyn ta saki igiya ta ja numfashin da rabonta da irinsa tun ranar allo. Yayanta lafiya, jirgi na kan ruwa, mutanen da suka tsallaka mata titi yanzu su ke dafa kafaɗarta. Wani ya tura mata farantin tuwon masara da naman akuya, sai a lokacin ta tuna yunwa take ji.

Loma biyu ta yi ta lura da tsofaffin matan da ke ƙarƙashin bishiya. Su kaɗai ne ba su tashi rawa ba. Sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, in sun kalli tuta sai su kalli Baba.

Ta sake ɗaga kai ta karanta sunan. Duk dangi ba Ismay. Ba kaka, ba inna, ba jika.

"Gwaggo, wace ce Ismay?"

"Je ki ci kek."

"Gwaggo ke kika ɗinka fa."

"Allura ce ta ɗinka. Je ki tambaye ta." Gwaggo Ermine ta shige cikin mata da saurin da ba a san ta da shi ba.

Abincin ya fita ran Verlyn. Murna ce ta rufe mata ido tun safe, sai yanzu abin ya zo mata. Sunan uwarta Baba ya ajiye ƙarƙashin buhu ya zama garkuwa. Wanda aka tsare, wanda aka ɓoye wa teku da mutane, na wata ce daban.

"Kin yi ƙoƙari yau."

Madam Joycelyn ce a gefenta. Siket ɗinta ya jiƙe har guiwa, igiya ta saluɓe mata tafin hannu, jini na tsattsafowa.

"Madam kin ji ciwo. Bari in samo..."

"Bar shi." Idonta na kan tutar, hawaye na bin kuncinta ba ta ko share su. "Na ji kina tambaya."

"Kin san ta ne?"

"Uwata ce."

Farantin ya kusa suɓuce wa Verlyn.

"Tana yarinya ƙarama ta bar tsibirin nan, da cikina a jikinta. Ba ta sake takowa ba. Har ta tsufa tana ce mana akwai wanda ya yi mata alkawarin jirgi da sunanta a Windward. Mu dariya muke mata." Ta dubi jirgin. "Bana ta rasu. Na zo ne kawai in ga ko ƙarya take."

"Madam... wa ya yi mata alkawarin?"

Matar dai bayan Verlyn take kallo.

Baba Dunstan ne ke fitowa daga ruwa, ya jiƙe har ƙirji. Mutane na kama hannunsa suna masa barka, shi ko kallonsu bai yi ba. Kai tsaye ya nufo su. Da ya iso ya cire hularsa, hular da ko gaban Fada ɗazu bai cire ba, ya riƙe ta a ƙirji.

Ya daɗe yana kallon baƙuwar. Sannan ya juyo.

"Verlyn."

"Na'am Baba."

"Gaida yayarki."